Harshen Majinyaci da Harshen Hukuma: Shirya Naƙasassu ta Intanet Domin Gwajin Likita a Ingila



Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a ƙasar Hausa ya san amsar da mara lafiya yake bayarwa in an ce masa, "Yaya jiki?" Ko da da ƙyar yake ɗaga kai daga matashi, cewa zai yi, "Da sauƙi." Ba ƙarya ya yi ba, mai dubiyar kuma bai ɗauka ya warke ba. Su duka biyu sun san magana ce ta ladabi da tawakkali. Turawan Ingila ma suna da irin tasu, gama mutuminsu in an tambaye shi lafiyarsa yakan ce lau yake, ko da ranar aka sallamo shi daga asibiti. To, akwai wani ɗaki a ƙasar tasu inda irin wannan amsa takan jawo wa mutum asarar abin da zai ci shekara da shekaru, watau ɗakin da ake tantance naƙasassu da masu doguwar jinya a ga ko sun cancanci kuɗin taimakon da gwamnati take bayarwa. Wannan lacca za ta duba yadda ƙungiyoyin agaji na can suka koma ga intanet domin su shirya mutane kafin su shiga ɗakin nan, da abin da shirin ya iya yi, da abin da ya gagare shi. Za a ga cewa, ko da yake sunan abin gwajin likita, mafi yawansa sha'anin harshe ne.

Asalin tsarin

Iri biyu ne na taimako suke da gwaji. Na farko na wanda ciwo ya hana shi aiki ne. An fara shi da sunan ESA cikin watan Oktoba na 2008, tare da wani gwaji na auna ko mutum yana iya aiki, wanda sai ya sami maki 15 kafin a yarda ya kasa. Daga baya aka shigar da gwajin cikin babban tsarin da ake kira Universal Credit. Na biyu shi ne PIP, wanda aka fara cikin watan Afrilu na 2013 a madadin wani tsohon alawus na naƙasassu da ake biya tun 1992. Shi PIP ba ruwansa da ko mutum yana aiki ko ba ya yi, ko mai hali ne ko matalauci. Manufarsa rage wa mutum nauyin ƙarin kuɗin da naƙasa take jawowa. A farkon 2025 mutum wajen miliyan 3.7 ne suke karɓarsa a Ingila da Wels. A kansa za a fi tsayawa.

Ma'aikatar Ayyuka da Fansho ita ce mai biya, amma shekara da shekaru ba ita take gwajin da kanta ba, kwangila take bayarwa. Kamfanin Atos ne ya riƙe gwajin iya aiki har zuwa Maris na 2015, sa'ad da Maximus ya karɓa bayan suka ta yi yawa. Gwajin PIP kuwa Atos da Capita aka raba wa tun daga farko. A watan Satumba na 2024 aka sake rabon ƙasar tsakanin Maximus da Capita da Ingeus da Serco. Mai tantancewar ba lalle ne likita ba. Sau da yawa ma'aikaciyar jinya ce, ko mai gashin ƙashi, ko ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya. Ba shi da hurumin ya ba da magani, ba kuma shi yake yanke hukunci ba. Rahoto yake rubutawa ya aika wa wani jami'i a ma'aikatar, wanda bai taɓa ganin majinyacin ba, shi kuma ya sa hannu. Ma'aikatan da suka san yadda takarda take tafiya daga tebur zuwa tebur ba sa bukatar a gaya musu cewa abin da na farko ya rubuta shi na ƙarshe ya fi yawan bi.

Lissafin maki

Abin da ya fi rikita masu nema shi ne, doka ba ta tambaya wane ciwo ne yake damun mutum. Mutum biyu masu ciwo iri ɗaya, wani ya samu, wani ya rasa. Abin da take tambaya shi ne me ciwon ya hana shi yi. An ware ayyuka 12. Goma na zaman yau da kullum ne: dafa abinci, cin abinci, shan magani da lura da jinya, wanka, kewayawa, sa tufafi, magana, karatu, cuɗanya da mutane, da sarrafa kuɗi. Biyu na zirga-zirga ne: tsara tafiya da bin hanya, sa'an nan tafiya da ƙafa. Kowane aiki yana da matakai, kowane mataki da makinsa. Wanda ya tara maki 8 a ɓangare ɗaya ya sami ƙaramin kaso, wanda ya tara 12 ya sami babba.

A ɗauki dafa abinci. Wanda zai iya girka abinci mai sauƙi na mutum ɗaya da ɗanyen kayan miya, ba tare da taimako ba, ba shi da maki. Wanda sai ya zauna bisa kujera ta musamman, ko sai da wani ma'aikacin hannu da aka yi domin irinsa, yana da 2. Wanda sai an tuna masa ko an ƙarfafa shi kafin ya girka, shi ma 2. Wanda sai an tsaya a kansa ko an sa masa hannu, 4. Wanda ba zai iya ba sam, 8. A tafiya da ƙafa kuwa, wanda ba ya iya wuce mita 20 shi ke da maki 12, alhali a tsohon tsari mita 50 aka saba aunawa da ita. Wannan ragi ya taɓa mutane da yawa, domin babban kason zirga-zirga shi ne yake ba mutum damar karɓar mota ko keken lantarki a ƙarƙashin shirin Motability. Wanda ya sauko daga babba zuwa ƙarami sai ya mai da makullin.

Har yanzu dai lissafi ne. Inda harshe ya shigo shi ne ma'anar kalmar "iya". A maganar yau da kullum, wanda ya taɓa yin abu sau ɗaya, ko da da cizon haƙori, ya iya. A dokar PIP kuwa ba a cewa mutum ya iya abu sai ya cika sharuɗɗa huɗu: ya yi shi ba tare da haɗari ba, ya yi shi yadda ya kamata, ya iya maimaita shi duk sa'ad da bukata ta taso, kuma kada ya ɗauke shi fiye da ninki biyu na lokacin da mai lafiya zai ɗauka. Bugu da ƙari, in ciwon mai tashi ne da kwanciya, ana duban halin da mutum yake ciki a fiye da rabin kwanakin shekara.

A misalta da wata mata mai ciwon gaɓoɓi. An tambaye ta, "Kina iya wanka da kanki?" Ta ce, "Ina iyawa." Gaskiya ta faɗa. Abin da ba ta faɗa ba shi ne, wankan yana cin mata minti 40, sai ta dafa bango, sau biyu ta zame bara, 'yarta tana tsaye a bakin ƙofa tana sauraro, kuma in ta yi wanka da safe to ranar ba ta da sauran ƙarfin ɗora tukunya. A harshenta ta iya. A harshen doka ba ta iya ba, tana da maki. Amma mai tantancewa yana da kwamfuta a gabansa da jerin mutane a bayan ƙofa, ya ji "ina iyawa", ya rubuta, ya wuce tambaya ta gaba. Ba wanda ya yi ƙarya a ɗakin nan, amma rahoton da ya fita daga cikinsa ba gaskiya ba ne.

Abin da ke faruwa a ɗakin

Kafin ranar gwaji ana aika wa mai nema wani dogon fom, a ba shi wata guda ya cika ya mayar. Sa'an nan a kira shi. Har zuwa Maris na 2020 yawanci ido da ido ake yi. Da annobar korona ta zo aka dakatar da haka, aka koma ga tarho, daga baya aka ƙara da hoton bidiyo, kuma ko bayan annobar ta wuce tarho ya ci gaba da ɗaukar kaso mafi yawa na wasu shekaru.

Tambayoyin ba sa zuwa kai tsaye. Ana cewa mutum ya ba da labarin yadda yake wuni. Yaya ya zo nan, a bas ko a mota? Yana da kare? Wa yake yi masa cefane? Kowace amsa ana ciro mata ma'ana. Wanda ya ce yana zuwa babban kanti, sai a ɗauka yana iya tafiyar mita 200. Wanda ya ce yana tuƙi, sai a ɗauka hannuwansa da hankalinsa lafiya suke. Ban da wannan, ƙa'idar aikin ta yarda mai tantancewa ya rubuta abin da idonsa ya gani: yadda mutum ya tashi daga kujera, yadda ya ciro takarda daga jaka, ko tufafinsa da tsabta, ko ya haɗa ido da mai tambaya. Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Karin maganar nan ta yi daidai a tsakanin waɗanda suka san juna. Tsakanin baƙo da baƙo a cikin awa guda kuwa, fuska takan ba da shaidar zur, musamman fuskar wanda ya tattara ƙarfinsa na mako guda ya yi wanka ya sa kayan kirki domin kada a raina shi.

A watan Fabrairu na 2018 kwamitin majalisar dokoki mai lura da ma'aikatar ya fitar da rahoto bayan dubban masu nema sun rubuto masa. Cikin abin da aka kawo har da wadda aka rubuta cewa tana fita yawo da karenta kullum, alhali ba ta da kare, da ƙyar ma take takawa. Wanda bai gamsu da hukunci ba, tun daga 2013 sai ya fara roƙon ma'aikatar ta sake dubawa kafin ya ɗaukaka ƙara zuwa kotu ta musamman, inda alƙali da likita da wani masanin sha'anin naƙasa suke zama su uku. Shekaru da dama a jere, wajen biyu cikin uku na ƙararrakin PIP da aka saurara masu nema ne suka ci. Gaskiya ne kaɗan ne cikin dukan hukunce-hukuncen suke kaiwa kotu, ma'aikatar kuma ba ta gajiya da faɗin haka. Amma akwai abin lura a cikin bayanan ita ma'aikatar kanta: mafi yawan nasarorin nan ba wata sabuwar takardar likita ce ta kawo su ba. Ko dai kotun ta dubi hujjojin da suke nan tun farko ta fahimce su daban, ko kuwa ta saurari mutumin da bakinsa ta gamsu. Watau ciwon bai canja ba tsakanin ɗakin gwaji da kotu. Tambaya ce ta canja, da lokacin da aka bayar a amsa ta.

Dalilin komawa ga intanet

Dā can mai irin wannan matsala yana da inda zai nufa. Akwai ofisoshin Citizens Advice, waɗanda aka kafa tun 1939, akwai cibiyoyin lauyoyi na unguwanni, akwai ma'aikatan ƙananan hukumomi masu ba da shawara. Sun yi kama da malaman nan masu rubuta wasiƙa da a dā ake samu a bakin kotu da gidan waya, waɗanda mutum zai zauna ya zayyana musu kukansa su kuma su zuba shi cikin kalmomin da hukuma take ganewa. Sai dai wata doka ta 2012, wadda ta fara aiki a Afrilu na 2013, ta cire yawancin shari'un kuɗin taimako daga cikin waɗanda gwamnati take biya wa talaka lauya a Ingila da Wels. A lura da watan: shi ne watan da aka fara PIP. An kawo sabon gwaji mai wuya, an kuma janye masu bayyana shi a lokaci guda, ga kuɗin ƙananan hukumomi ana ta yankewa. Layi ya yi tsawo a ƙofar masu ba da shawara, fom kuwa wata guda yake jira.

Daga nan ne ƙungiyoyi suka fara zuba abin da masu ba da shawara suka sani a cikin shafukan intanet. Citizens Advice ta bi fom ɗin tambaya bayan tambaya, tana bayyana abin da kowace take nufi da irin abin da ya kamata mutum ya tuna. Shafin Benefits and Work ya kawo gwajin kai, inda mutum zai zaɓi matakin da ya dace da shi a kowane aiki ya ga makin da zai iya samu. Advicenow ta yi wata manhaja da take yi wa wanda aka hana tambayoyi, sa'an nan ta haɗa masa wasiƙar neman a sake dubawa. Turn2us ma ta fito da nata mataimakin na PIP. Wanda ya fi kusa da maganar yau shi ne c-App, wanda ƙungiyar seAp mai tsaya wa marasa ƙarfi ta fitar a 2016, ɗaya na ESA ɗaya na PIP. Shi ranar gwajin kanta ya sa a gaba: yana kawo wa mutum irin tambayoyin da zai tarar, ya amsa a ɗakinsa a tsanake, ya huta in ya gaji, ya dawo ya ci gaba, a ƙarshe ya buga amsoshin a takarda ya tafi da su.

Me waɗannan kayan aiki suke koyarwa? In aka tace, abu ɗaya ne: su hana mutum tsayawa a kan "ina iyawa". Kowace tambaya sai ta haifi 'ya'ya. Kana iyawa, to sau nawa a mako? Minti nawa? Da me kake dafawa? Wa yake kusa? Me yake biyo baya? Yaushe ne rabonka da faɗuwa? Suna ba da shawara mutum ya riƙe littafin wuni na mako guda ko biyu, yana rubuta abin da ya yi da abin da ya kasa, domin ciwon da ya daɗe yakan zama jiki har mai shi ya daina ganinsa. Matar da ta shekara goma tana zama kafin ta sa zane ta manta cewa sauran mata a tsaye suke ɗaurawa. Suna kuma mai da awo abin da ido zai gani, gama ba kowa ya san tsawon mita 20 ba, amma in an ce masa kamar bas biyu ne a jere, sai ya ce, "Af, ai ban kai nan ba sai na tsaya." Sa'an nan suna sanar da mutum haƙƙoƙin da sau da yawa ba ya sani: yana iya zuwa da wani ya zauna kusa da shi, yana iya neman a ɗauki muryar zaman, yana iya neman a canja masa irin gwajin in akwai dalili, yana iya neman kofen rahoton bayan an gama.

Akwai wani amfani da ba a cika ambata ba. Tambayoyin nan sun shafi abin da mutum yake ɓoyewa: ko yana kai wa bayan gida kafin abu ya kufce masa, ko wani ne yake wanke shi, ko ya taɓa tunanin hallaka kansa. Dattijon da bai taɓa faɗa wa ɗansa haka ba, yaya zai faɗa wa yarinyar da bai taɓa gani ba, a minti na goma da haɗuwarsu? Na'ura ba ta da ido, ba a jin kunyarta. Wanda ya fara rubuta abin shi kaɗai da dare, ya karanta, ya ga duniya ba ta tashi ba, ya fi samun ƙarfin furta shi da rana. In ma bakin ya ƙi, ga takarda a hannunsa sai ya miƙa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zargin koyar da dabara

Ba kowa ne ya yi murna da wannan ba. Tun daga wajen 2024 jaridu da wasu 'yan siyasa na Ingila suka yi ta kuka da masu fitowa a TikTok da YouTube suna koya wa mutane kalmomin da za su furta su ci maki, wasu ma har da karɓar kuɗi. Yawan masu karɓar PIP ya hau ƙwarai bayan korona, musamman matasa masu larurar ƙwaƙwalwa da damuwa, sai aka ɗora wani kaso na laifin a kan masu koyarwar nan.

Zargin ba a banza yake ba ɗungum. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: tsarin da ya rataya abincin mutum a kan kalma, dole a sami masu sayar da kalma. Amma ya kamata a bambanta abu biyu. Akwai wanda yake ce wa mutum, "Faɗi kaza." Akwai kuma wanda yake tambayarsa, "Me yake faruwa da kai?" sa'an nan ya nuna masa inda amsar ta faɗa a cikin doka. Kayan aikin ƙungiyoyin da aka ambata na biyun suke yi, suna ma gargaɗi a kan ƙari. Tsohuwar shawarar nan da ake yawo da ita, cewa mutum ya ba da labarin ranarsa mafi muni kamar ita ce kullum, masu ba da shawara na ƙwarai sun daɗe da hana ta, domin ta saɓa wa ƙa'idar fiye da rabin kwanaki, kuma da zarar an ga mutum a rana mai dama sai dukan maganarsa ta zube. Matakan maki ba asiri ba ne, doka ce da majalisa ta zartar aka buga. Wanda ya karanta dokar haraji domin kada ya biya fiye da abin da ke kansa ba a kiransa macuci. Ƙididdigar ma'aikatar kanta kuma, a shekarun 2023 zuwa 2025, ta nuna abin da ake asara ta hanyar zamba a PIP bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Sabon abin da ya shigo shi ne injunan hira irin su ChatGPT, tun daga ƙarshen 2022. Mutum yana iya zuba musu labarinsa a hargitse su tsara masa. Ga wanda hannunsa yake rawa ko tunaninsa yake yankewa, wannan taimako ne babba. Haɗarinsa shi ne injin yakan cike giɓi da abin da ya saba gani a labarin wasu, ya rubuta alamar ciwon da mai shi ba ya da ita, cikin lafazi mai santsi. Ranar gwaji kuwa da fom ɗin ake auna bakin mutum. In aka ji takarda tana magana da murya ɗaya mai ita yana magana da wata, to an sami abin da ake kira saɓani, saɓani kuma shi ne makamin da aka fi kayar da masu nema da shi. Ga kuma tambayar inda sirrin jinyar mutum yake zuwa bayan ya rubuta shi a shafin kamfanin da bai san ko a wace ƙasa yake ba.

Inda abin ya tsaya

Iyakar farko a bayyane take. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta nuna cewa a 2017 fiye da rabin manyan da ba sa amfani da intanet naƙasassu ne. Waɗanda aka yi kayan domin su, su ne suka fi nisa da su. Wanda ya ga fim ɗin Ken Loach na 2016, I, Daniel Blake, zai tuna kafintan nan na Niyukasil mai ciwon zuciya, wanda likitarsa ta hana shi aiki amma gwaji ya ba shi maki 12 inda ake neman 15, yana zaune gaban kwamfuta a laburare bai san inda zai taɓa ba. Saboda haka a aikace sau da yawa ba majinyacin ne yake buɗe shafin ba, 'yarsa ce, ko maƙwabci, ko ma'aikacin sa kai. Wannan ba aibi ba ne. Ma'anarsa dai kayan sun fi amfani a hannun mutum biyu.

Ta biyu, doka ba ta zama wuri ɗaya. A Disamba na 2017 babbar kotu ta soke wani gyara da gwamnati ta yi wanda ya rage makin masu larurar ƙwaƙwalwa a kan tsara tafiya, har aka ce za a sake duba takardun mutum miliyan 1.6. Sukotlan ta fara nata tsarin a 2022, ta daina ba kamfanoni kwangilar gwaji, ta kuma ɗora wa hukumarta nauyin taimaka wa mai nema ya tattaro hujja. A Maris na 2025 gwamnatin Landan ta ce sai mutum ya sami aƙalla maki 4 a aiki guda kafin a ba shi kason zaman yau da kullum, ta kuma ce za ta soke gwajin iya aiki a 2028. A farkon Yuli na shekarar, da 'yan majalisarta suka yi mata bore, ta janye maganar maki 4, ta miƙa sha'anin ga wani bita a ƙarƙashin minista Stephen Timms. Kowane irin wannan juyi yana bukatar a sake gyara shafi. Kuɗin da masu ba da gudummawa suke bayarwa kuwa yawanci na ƙirƙiro sabon abu ne, ba safai ake samun na kula da tsoho ba. Shafin da aka bari da dokar bara ya fi rashinsa haɗari, domin mai karatu ba shi da yadda zai gane.

Ta uku ita ce mafi nauyi. Shiri yana gyara bakin mai amsawa, ba ya gyara kunnen mai tambaya. Mutum yana iya zuwa da littafin wuninsa da takardunsa a jere, ya yi bayani tiryan-tiryan, sai a rubuta cewa ya yi magana da natsuwa da cikakken tunani, ba alamar damuwa. Shirin da ya yi ya zama hujja a kansa. Dalili ke nan ƙungiyoyin suke matsa wa mutane su nemi a ɗauki murya, su kuma faɗa a fili wanda ya taimake su shiryawa da kwanakin da abin ya ci musu.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi shafar ɗaliban harshe. Akwai Hausawa mazauna Ingila, cikinsu har da dattawan da Turancinsu bai wuce na kasuwa ba, kuma ƙa'ida ta ba mai nema damar a kawo masa tafinta in ya nema tun da wuri. Shafukan da aka ambata da Turanci aka rubuta su, bisa al'adar maganar Turawa, saboda haka sai 'ya'ya ko jikoki su karanta su fassara, su ne kuwa mutanen da tsohuwa ta fi jin nauyin ta yi maganar bayan gida a gabansu. Ranar gwaji mai tantancewa ya ce a tambaye ta yaya ƙafar take a 'yan kwanakin nan. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Tafinta ya san abin da take nufi sarai, ya san kuma da sanda da hannun jikarta ta shigo. Amma ƙa'idar aikinsa ita ce ya faɗi abin da aka faɗa, kada ya ƙara kada ya rage. In ba wanda ya zauna da ita tun a gida ya bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mata cewa wannan ɗakin ba na dubiya ba ne, to abin da jami'in ma'aikata zai karanta a teburinsa bayan 'yan makonni shi ne: mai nema ta ce ƙafar ta yi sauƙi.